Kalangu da Na'urar Daidaita Sauti



Wanda duk ya ratsa kasuwar Jega ya ji waƙar Shata tana tashi daga lasifika ya san abin da nake kuka da shi: an cika ta da rugugi har ba a jin abin da kalangu ke faɗi. Alhali kuwa kalangu magana yake yi. Makaɗi na matsa igiyoyinsa a hammata, sauti ya hau ya sauka kamar yadda harshenmu ke yi.

Akwai na'urar daidaita sauti mai bawul, irin Pultec da aka soma ƙerawa a Amurka. Sashenta mai tace sauti rage ƙarfi yake yi, bawul ne ke mayar da abin da ya ragu, har ya ƙara wa murya taushi. Tana da maɓallin ƙarawa da na ragewa a ƙananan sautuka, misali a hertz 60. Abin mamaki, in an murɗa su tare ba su soke juna: gindin ganga ya cika, dushewar da ke bisansa ta washe.

Amma fa a yi hattara. A ɗaukar zamani, murya daban ake gyara ta, kiɗa daban. Tsofaffin kaset na Shata da Ɗanƙwairo kuwa, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi duk a haɗe suke, ka taɓa ɗaya ka taɓa duka. Nan sai a murɗa kaɗan, a tsaya, a kira dattijon da ya san kiɗan, a tambaye shi ko har yanzu yana jin taken.