Jawabi Ga Talakawa Kan Kyautar Masu Matatar Mai



An ce mu yi godiya domin masu tace mai suna haƙa wa ƙauyuka rijiya, suna gina aji, suna dasa itatuwa. To, madalla, mun gode. Amma bari mu duba lissafin, tun da ku 'yan kasuwa ba ku karɓar gyara sai kun ga mudu ya cika.

A 1965 aka buɗe matatar farko a Alesa Eleme, kusa da Fatakwal. A 2011 ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sakamakon awon ruwan rijiyoyin Ogale, cikin ƙasar Eleme ɗin nan, kusa da bututun mai. Suka tarar da gubar benzin ta ninka abin da aka yarda sau 900. Ruwan da mata ke ɗiba su yi tuwo ke nan! Suka ce gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30.

A 2021 aka yi doka, kamfanonin haƙar mai su ba garuruwa kashi 3 cikin ɗari na kuɗin aikinsu, alhali kuwa kashi 10 mutanen suka nema. In wani ya fasa bututu, a cire kuɗin gyara daga rabon gari.

Mu ma muna da matata a Kaduna tun 1980. Abin da muke nema, a riƙa auna ruwan kogin Romi kowace shekara, a karanta sakamakon da Hausa da Gbagyi a kasuwar Rido, kowa ya ji.