Jinyar Mai Ƙarancin Jini Na Rashin Folik Asid

(Jawabin da aka yi a taron zumuntar mata da masu ziyarar marasa lafiya)

 Na san wasunku sun baro aiki a gona, saboda haka ba zan ja magana ba.

A zagayen da muke yi ƙauye ƙauye, nakan tarar da mace kwance da rana tsaka, uwar miji kuwa tana cewa son jiki ne. Amma in ka duba cikin fatar idonta da tafin hannunta, sai ka ga sun yi fari. Tana haki in ta ɗauko ruwa, zuciyarta na bugawa, ga jiri. Harshenta ya yi ja sumul, yana zafi, bakin kuma da gyambo. Wannan ƙarancin jini ne, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo shi shi ne rashin wani bitamin da ake kira folik asid, wanda jiki ke bukata don ƙera jini.

Jiki ba ya ajiye wannan bitamin da yawa. Abin da ya tara yakan ƙare cikin wata 4 ko ƙasa da haka, shi ya sa ciwon kan tsananta a ƙarshen rani, lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya. Waɗanda ya fi kamawa su ne masu ciki, masu shayarwa, masu ciwon sikila, masu shan wasu magungunan farfaɗiya, da kuma masu yawan shan burukutu. Wannan na ƙarshe, iyayena maza, ku yi haƙuri, gaskiya ce.

Abu na farko, a kai mara lafiya asibiti a gwada jini. Kada a sayi ƙwaya a kasuwa a fara ba shi. Akwai wani bitamin, B12, wanda rashinsa ke kama da wannan. In aka sha folik asid alhali B12 ne babu, jini zai gyaru amma jijiyoyi su ci gaba da lalacewa a ɓoye. Don haka in mutum yana jin ƙafafunsa sun mutu ko kamar ana tsira masa allura, a faɗa wa ma'aikacin lafiya.

In an tabbatar, yawanci akan ba babba ƙwaya mai miligiram 5, ɗaya kullum, har wata 4. Zai ji ƙarfi cikin 'yan makonni, a nan ne mutanenmu ke ajiye magani. Mai jinya ya tsaya har a shanye.

Sai tukunya, wadda ita ce hannunku, iyayena mata. Bitamin ɗin yana cikin alayyahu, zogale, ganyen wake, kuɓewa, wake, gyaɗa, hanta da ƙwai. Amma wuta da ruwa na cinye shi. Mu kan dafa zogale har ya yi baƙi, mu zubar da ruwan, mu yi kwaɗo da abin da ya rage. A rage ruwa, a rufe tukunya, a sa ganye a ƙarshe, a sauke yana nan kore, romon kuma ya shiga miya. In bakinsa na ciwo, a rage barkono, a ba shi fate mai laushi ko kunun gyaɗa mai ɗumi, kaɗan kaɗan sau da yawa, ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri. A ɗauke masa daka da ɗiban ruwa, in zai tashi ya fara zama tukuna saboda jiri.

Maganar masu ciki daban ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su sha miligiram 0.4 kullum tare da ƙwayar ƙarin jini. Ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri na haɗuwa cikin kwana 28 na farko, kafin mace ta san tana da ciki, don haka mai neman haihuwa ta fara sha tun da wuri. Mai ciki kuma kada ta ari babbar ƙwayar nan mai miligiram 5 wurin maƙwabciya, domin tana rage ƙarfin Fansidar da ake bayarwa wurin awo don kare ta daga zazzaɓin cizon sauro.

In kuka ga mara lafiya yana haki ko a zaune, ƙafafu sun kumbura, ko ya suma, kada a jira gari ya waye. A nemi mashin ko mota a tafi asibiti a daren.