Abin da annobar korona ta bar wa talakan Nijar

 

Ranar 19 ga watan Maris na shekarar 2020 ne hukumomin Nijar suka bada sanarwar samun mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a birnin Yamai. Kafin annobar ta lafa, waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar ba su cika 10,000 ba, mamatan kuwa da kaɗan suka haura 300, a ƙasar da a lokacin take da mutane wajen miliyan 24. Gaskiya ne awon bai game ko'ina ba, domin a farkon lamarin cibiyar CERMES ta Yamai ce ke ɗauke da nauyin gwajin. Amma ko an riɓanya adadin sau da yawa, bai kama ƙafar abin da zazzaɓin cizon sauro ke kashewa duk damina ba. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi kayarwa. Saboda haka wanda ke son ya auna ɓarnar korona a wannan ƙasa, ba maƙabarta zai nufa ba. Kasuwa zai je, da tasha, da bakin iyaka.

Matakan da aka ɗauka sanannu ne. An rufe makarantu, an rufe filayen jirgin sama da iyakokin ƙasa, an hana sallar jam'i. Ranar 27 ga Maris shugaba Mahamadou Issoufou ya kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka killace Yamai, aka sa dokar hana yawo daga ƙarfe bakwai na maraice zuwa shida na safe. Waɗannan matakai daga Turai aka kwafo su kusan harafi da harafi. Sai dai Bafaranshen da aka ce ya zauna gida, gwamnatinsa ta ci gaba da biyan mafi yawan albashinsa. A nan, wa ke da albashin? Ma'aikatan gwamnati da na ƴan kamfanonin da ake da su, tsirarun mutane. Sauran jama'a sai sun fita suke ci. Mai shayi da mai tsire da mai tuwo-tuwo da dare suke ciniki, daren kuma shi aka hana. Ɗan kabu-kabu, ɗan kamasho a tasha, ɗan dako, direban da ke jigila tsakanin Yamai da Ƙonni da Maraɗi, duk an ce su dakata, ba a ce musu ga abin da za su sa a tukunya ba.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani, ta sassauta wa ƴan kasuwa wasu haraji, ta yi wa fursunoni 1,540 afuwa, cikinsu har da madugun adawa Hama Amadou. Asusun FMI kuma ya ba da rancen gaggawa na dalar Amurka miliyan 114 da ɗoriya a watan Afrilu. To, amma a duba wanda taimakon ya isa gare shi. A shekarar 2020 waɗanda ke da wutar lantarki a Nijar ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, yawancinsu kuma a birane suke. Yafe kuɗin NIGELEC alheri ne ga mai kwantar a bangon gidansa. Manomin Dakwaro da makiyayin Abalak ba su san an yi ba. Sassaucin haraji shi ma mai rajista ya amfana. Mai tallar goro ba ta cikin littafin kowa. Gwamnati tana iya rufe kasuwa da umarni guda, amma ba ta da jerin sunayen waɗanda ke ci daga kasuwar, balle ta kai musu mudun hatsi.

Jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa, annobar ta same su ne a durƙushe. Tun watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya don hana shigar shinkafar waje, ba ta kuma buɗe ba sai a Disamban 2020. Duk wanda ya san Maraɗi ya san numfashinta ta Ɗan Isa da Jibiya yake bi zuwa Katsina da Kano. Da korona ta zo, farashin man fetur ya faɗi a duniya, darajar naira ta zube, Alhajin Kano da ya saba sayen raguna da wake da kuɗin sefa ya ga ba zai iya ba. Makiyayi ya saida dabbarsa da araha, ya sayi hatsi da tsada. A takarda an ce kaya na iya ƙetare iyaka, mutane ne aka hana. Amma albasar Galmi ba ta kai kanta Akara ko Abijan, kuma ba ta jiran a gama gardama a shingen duwan.

Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafin kowa ba, ita ce ta ci-rani. Gidaje da yawa a karkara, hatsin da suka noma ba ya kai su wata damina. Abin da ke cike giɓin shi ne ɗan abin da samari ke aikowa daga Legas, Kwatano, Libiya ko Aljeriya. A 2020 garuruwan da suka je nema su ma a kulle suke. Wanda ya tafi bai samu aiki ba, bai kuma samu hanyar komowa ba, ga lokacin shuka ya gabato. Daga nan sai cin bashi, sai jinginar da gona. Kamar abin bai isa ba, daminar shekarar ta zo da ambaliya, kogin Kwara ya cika ya tumbatsa a Yamai, waɗanda abin ya shafa a ƙasa baki ɗaya suka haura rabin miliyan. Tattalin arziƙin da aka yi hasashen zai ƙaru da wajen kashi 6 cikin 100 ya tsaya a 3.6, wato bai ma kamo yawan ƙaruwar jama'a ba.

Makarantun boko an sake buɗe su ranar 1 ga Yuni. Karatu ta intanet da aka yi ta ambato a wasu ƙasashe, a ƙauyen da babu wuta zance ne kawai.

Sai batun masallatai, wanda shi ya fi tada ƙura. A Mirriya matasa sun yi bore a ƙarshen Maris, a unguwar Lazare ta Yamai ma an yi arangama da jami'an tsaro a watan Afrilu, gab da azumi, aka kama mutane fiye da ɗari. An yi ta cewa jahilci ne. Wannan hukunci ya yi sauƙi da yawa. Mutumin da ya ga kasuwa cike da jama'a da rana, sa'an nan aka ce masa sahun sallah ne ke yaɗa cuta, yana da haƙƙin ya yi tambaya. Kuma bai manta da abin da ya faru ranar 15 ga Maris ba, kwana huɗu kafin a samu mai cutar na farko: da hujjar korona aka tarwatsa gangamin ƙungiyoyin farar hula masu neman a hukunta waɗanda suka yi sama da kuɗin sayen makamai a ma'aikatar tsaro. Gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum uku suka rasu, aka tsare jagorori irin su Moussa Tchangari da Maikoul Zodi. Kafin nan an kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda saboda ya bada labarin wani da ake zargin yana ɗauke da cutar. Hukumar da ta fara amfani da dokar lafiya wajen rufe bakin masu sukarta, da wuya a gaskata ta ranar da ta zo da gaskiya.

Cutar kuwa gaskiya ce. Ranar 3 ga Mayu ta kashe ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar. Kwana goma bayan haka aka buɗe masallatai, aka ɗage dokar hana yawo, sa'an nan aka buɗe Yamai. Iyakokin ƙasa ba a buɗe su a hukumance ga matafiya ba sai tsakiyar 2021.

A watan Maris na shekarar 2021 ne allurar rigakafi ta Sinopharm guda 400,000 ta iso daga Sin, ta shirin COVAX ta biyo baya. Jama'a ba su yi tururuwa ba. A Maraɗi da Damagaram, inda labarin Kano ke isowa kafin na Yamai, ba a manta da gwajin maganin kamfanin Pfizer a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, ko ƙauracewa allurar shan-inna ta 2003. Ma'aikatan lafiyar da aka tura ƙauyuka da akwatin allura, tambayar da suka fi sha ita ce: me ya sa wannan kyauta ce, alhali maganin zazzaɓin babba sai an biya?