Jawabi Ga Iyaye Game Da Ƙarshen Zango Na Biyu A Makarantun 'Yammata



Zango na biyu, wanda yakan fara a watan Janairu ya ƙare wajen Afrilu, shi ne tsakiyar shekarar karatu. Shi ne kuma mafi nauyi ga malaman makarantun kwana na 'yammata, irin Kwalejojin Gwamnatin Tarayya da ke Bakori da Kazaure da Bida. Ƙarshensa yakan faɗo cikin bazara, lokacin da ruwa ke wuya, sanƙarau kuma ke ɓulla. Saboda haka malamar da ke kula da ɗakunan kwana ba ta runtsawa sai ta zaga ta ga an buɗe tagogi.

Da rana kuwa malamai suna shirya tambayoyi, suna duba takardu, suna haɗa maki. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa ba jarrabawar ƙarshe kaɗai za a duba ba, gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida su ma suna cikin lissafi. Watau yarinyar da aka riƙe a gida mako biyu saboda biki ta yi asarar makin da zai yi wuya ta maido.

Don haka muna roƙon iyaye abu uku. Ranar hutu ku je da kanku, ko ku aiki wanda makaranta ta sani. Ku karanta takardar sakamako, ku tambayi malamar aji abin da ba ku gane ba. Sa'an nan ranar komawa ku mai da ita, kada hutu ya zama ƙarshen karatunta. Likita mace da kuke nema wa iyalinku a asibiti, daga irin wannan aji take fitowa.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalam.