AMSAR WASIƘUNKU: Ƙiba Ta Zaunar Da Ni, Ta Ina Zan Fara Motsa Jiki?

 

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah mai sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Malam, shekaruna 52. Da can ni manomi ne, ina yini a gona ban san gajiya ba. Tun da na koma fatauci sai zaman benci daga safe har magariba, babur ya kai ni ya dawo da ni. Kwanan baya na hau sikelin da muke auna buhu, na ga kilo 135, tsawona kuwa mita 1 da santimita 70. Gwiwoyina sun ƙi, salla ma a zaune nake yi, daga gida zuwa masallaci sai na huta sau biyu. Na taɓa ƙuƙutawa na taka har gona, sai da na kwana uku a kwance. Na sha shayin rage ƙiba, ban ga komai ba sai zawo. Shin mai irin jikina yana da sauran dabara, ko in haƙura?"

To Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Kada ka haƙura. Ni dai ba likita ba ne, malamin makaranta ne da ya koma gidan rediyo, amma na kai wasiƙarka wurin ma'aikatan lafiya mun tattauna, ga kuma abin da na samo maka.

Da farko mu san girman abin. Likitoci suna da wani lissafi: a ninka tsawon mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Naka 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89. In aka raba 135 da shi, sai a sami kusan 47. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce, daga 40 kuwa ƙiba ce mai tsanani. Mai tsawonka bai kamata ya wuce kilo 72 ba. Ka ga ke nan kullum kana yawo da buhun siminti har da ɗoriya. Wanda aka ɗora wa wannan kaya aka ce ya je gona, in ya kwanta kwana uku ai ba ragwanci ba ne. Laifin tafiyarka ta gona ɗaya ne, ka fara da inda ya kamata ka ƙare.

Kafin komai, je asibiti. A auna jininka, a gwada suga, a saurari zuciya, a duba gwiwoyin. Hawan jini da ciwon suga suna son mai ƙiba, kuma sukan daɗe a jiki ba su nuna alama ba. In iyali suna cewa kana minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa cikin barci, ka faɗa wa likita wannan ma. In asibitin yana da sashen gashin ƙashi, nemi a tura ka can, su ne gwanayen koya wa mai ciwon gaɓɓai yadda zai motsa.

In likita ya ce bismilla, to a zaune za ka fara. Sami dakali ko kujerar katako mai ƙarfi, a jingina ta da bango. Ban da kujerar roba, ban da 'yar tsugunno. Ga abin da za ka yi:

Na ɗaya, miƙe ƙafar dama har gwiwa ta miƙe, ka ƙirga biyar, ka sauke a hankali. Sau biyar, sannan hagu. Wannan shi ke ƙarfafa naman cinya, shi kuwa naman cinya shi ne mai tallafar gwiwa.

Na biyu, kana zaune ka riƙa ɗaga gwiwoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai maci, na minti ɗaya. Ka bi da ɗaga dunduniya da yatsu, don jini ya zagaya ƙafa.

Na uku, cika ƙananan gorunan roba biyu da ruwa, ka riƙe a hannu, ka ɗaga zuwa kafaɗa ka sauke, sau goma.

Na huɗu, wanda ya fi duka amfani: tashi tsaye daga kujerar, ka koma ka zauna a hankali, ban da faɗawa rif! In sai ka dafa, dafa. In uku ka iya, uku ɗin sun isa na yau.

Na biyar, tsaya ka dafa bango da tafuka biyu, ka kai ƙirji kusa da shi, ka tura kanka baya, sau biyar zuwa goma.

Duk wannan bai wuce minti goma ba. Kada ka riƙe numfashi lokacin yunƙuri, domin yana tayar da jini. Ka yi kwana ɗaya, ka huta kwana ɗaya, har mako biyu.

Tare da wannan sai 'yar tafiya. Ba zuwa gona ba tukuna. Daga ƙofar ɗaki zuwa zaure ka dawo, minti biyu ko uku, sau uku a rana. Bayan cin abinci ya fi, don tafiya a lokacin tana taimaka wa jiki ya sarrafa suga. Kowane mako ka ƙara minti ɗaya ko biyu. In ka fara fita waje, yi alama da abin da ido ke gani: yau bishiyar darbejiya, mako mai zuwa bakin rijiya, gaba kuma masallaci ba tare da hutu ba. Riƙe sanda ba abin kunya ba ne, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar da ta fi ciwo. A sa takalmi mai rufi da taushin ƙasa, a bar silifa. A fita bayan asuba ko da la'asar sakaliya, musamman a bazara, a kuma sha ruwa.

Yaya za ka san ba ka wuce gona da iri ba? In kana tafe kana iya hira da na kusa da kai, daidai ne. In magana ta gagara saboda haki, sassauta.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar rabin awa sau biyar, da kuma ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Kada wannan ya firgita ka, Alhaji. Can za mu, ba daga can za mu tashi ba. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ya fi babu. Ko wata shida ka ɗauka kafin ka kai, ba ka makara ba. Sannu ba ta hana zuwa.

A kasuwa kuma, kada ka yi awa guda cur a kan benci. Duk rabin awa ka miƙe. Maimakon ka aiki yaro ya duba buhu, je ka duba da kanka. Mai babur ya riƙa sauke ka ɗan nesa da rumfa.

Yanzu ga kashedi, a saurara da kyau. In ka ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko ciwon ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ka huta, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, to tsaya nan take a kai ka asibiti, kada a jira gobe. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma gwiwa in ta kumbura, ko ciwonta ya fi na jiya har gari ya waye, ka yi yawa, koma baya kaɗan. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare ko akwai ƙuje. In yana allura ko shan ƙwaya, ya riƙe dabino ko ƙwayar suga a aljihu, saboda suga kan faɗi, jiki ya kama rawa da gumi.

Sai maganar da ba a so. Motsa jiki kaɗai ba ya sauke ƙiba sosai in kwano bai canja ba. Ba na ce ka zauna da yunwa ba. Malmala uku ta koma biyu, miyar ganye ta ƙaru: zogale, kuka, alayyafo, kuɓewa. Wake da ƙwai da kifi suna riƙe ciki. A rage mai a shinkafa, a rage soye-soye. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga kamar cokalin shayi takwas, ga na shayin safe, ga na fura da kunu. Nan ne ɓarawon yake. Gishiri kuma kada ya wuce cokalin shayi ɗaya a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Kada ka sa wa ranka sai ka koma kilo 72. Fara da neman kilo 7, wato kashi 5 cikin 100 na nauyinka. Ko wannan kaɗai yakan sassauta jini da suga. Bincike ya nuna duk kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Kai ɗan kasuwa ne, yi lissafin ribar da kanka. Sikelin nan na buhu, hau shi sau ɗaya a mako ka rubuta a littafin ciniki.

Shayin da ka sha kuwa, yawancin irinsa zawo da fitsari yake sawa. Ruwa ke fita, kitse yana nan, ƙoda ce ke wahala. Akwai magunguna na gaskiya, har da allurai da aikin tiyata ga mai ƙiba mai tsanani, amma suna da tsada, kuma likita ne kaɗai ke da ikon cewa sun dace da kai. Ba a sayen su a bakin tasha.

Iyayenmu mata da ke cikin gida, wannan amsa taku ce ku ma. Tsakar gida ta isa fili, dakali ya isa kujera. Masu shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don a yi jiki kuwa, ku ji tsoron Allah ku ji tausayin kanku. Wasunsu kumburi suke sawa, su jawo hawan jini da suga.

Mu kuma sauran jama'a, in muka ga mai jiki ya fito yana takawa da sandarsa, sannu za mu yi masa, ba dariya ba. A kwaɓi yara. Alhaji, nemi ɗanka ko wani amini ya riƙa raka ka, tafiyar mutum biyu ta fi daɗewa.

Bayan wata uku ka sake rubuto mana, mu ji ko an kai masallaci ba hutu. Ina fata wata rana mu ji ka taka har gonar nan ka dawo da ƙafarka.

Nan muka kawo ƙarshen filin na yau. A ci gaba da aiko da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.