Tarihin Yaƙin Basasa a Kan Teburin Yashi: Jawabi Ga Taron Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in yi magana a kan abin da ƙungiyarmu za ta iya yi wa kulob ɗin tarihi na wannan makaranta. Shawarata ita ce mu sa kafinta ya yi masu tebur mai ƙafa shida a tsawo, huɗu a faɗi, a kafa masa baki kamar tire, a cika shi da yashi. A kansa ne yara za su riƙa shirya filin daga, su sake buga yaƙoƙin basasar da aka yi a ƙasar nan. Na san wasu za su ce yaƙi ai ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne, amma ina roƙon a saurare ni zuwa ƙarshe.

Wannan wasa ya daɗe. A shekarar 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa sojan Furushiya, cikin Jamus ta yanzu, wata hanya ta koyar da dabarun yaƙi da taswira da 'yan ƙananan tubala ja da shuɗi, tare da alƙalin wasa. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin ƙa'idoji domin farar hula. Har yau a Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyin da ke taruwa su buga yaƙin Gettysburg na 1863 a kan tebur. Mu ma nan Zariya abin ba baƙo ba ne, domin garin soja ne: ga Defo da aka kafa a 1924, ga Makarantar Soja ta yara tun 1954, kuma duk wanda ya taɓa sa kaki ya san yadda ake zana tudu da rafi a kan yashi kafin a fita atisaye.

Kayan aikin ba su da tsada. Jar ƙasa ta isa a yi tuddai. Shuɗin ƙyalle shi ne kogi, tsinken ashana gada, soso da aka rina kore shi ne daji. Garin katako ana samunsa wurin 'yan katako a Sabon Gari. Ba sai an sassaƙa mutum-mutumi ba. Marfin kwalba ɗaya ya tsaya a madadin soja ɗari. Za a yi amfani da ɗan ludo mai ɗigo ɗaya zuwa shida, ba don caca ba, domin babu ko kwabo a ciki, sai don yaro ya san cewa dabara takan yi kyau kuma ruwan sama ko lalacewar mota su rushe ta.

Bari in kawo misali ɗaya. Yaƙin basasar Nijeriya ya fara ranar 6 ga Yuli 1967. A farkon Oktoba, Runduna ta Biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed ta isa Asaba, a gaɓar yamma ta kogin Kwara. Onica na tsallake, sojojin Biyafara kuma sun riga sun karya gadar. Hedikwata a Ikko ta fi son a hau arewa a haye ta Ida, inda babu abokan gaba, amma kwamanda ya zaɓi a haye kai tsaye da jiragen ruwa. Sau uku ana gwadawa, ana komowa da asarar rayuka da kaya masu yawa. Daga baya aka bi ta Ida ɗin, aka gangaro ta ƙasa, Onica ta faɗi a watan Maris 1968. Ranar 31 ga watan nan kuma aka yi wa ayarin motocin rundunar, kimanin ɗari, kwanton ɓauna a Abagana. Wuta ta kama tankar mai, ta cinye ayarin.

In malami ya rubuta wannan a allo, yaro zai haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Amma a shimfiɗa masa kogin a gabansa, a ba shi jirage uku, kowanne na ɗaukar marfi biyu kawai, a ce masa igwa na jiransa a tsallake, kuma Ikko na matsa masa ya yi sauri. Nan take zai ga cewa waɗanda suka fara hayewa su kaɗai ne a can, babu mai kai masu harsashi. A jera masa motoci a kan siririyar hanya guda, daji hagu da dama, shi da kansa zai tambayi inda ya kamata tankar mai ta tsaya. Gani ya kori ji.

Ga ƙa'idoji huɗu da nake ganin su ne ginshiƙi. Ta farko, tafiya da awo ce: a kan titi marfi ya yi inci shida, a daji biyu, a fadama ɗaya. Ta biyu, kowace runduna tana da ƙwayoyin masara a matsayin abinci da harsashi, kowane zagaye ta ci ɗaya. In aka datse mata hanya, ta tsaya cik. Ta uku, bayan an gama a musanya gefe, wanda ya riƙe Tarayya ya koma Biyafara, a sake bugawa.

Ta huɗu ita ce dalilin tsayuwata a nan. Dole farar hula su kasance a kan teburin. Kowane gari a zuba masa farin wake, su ne mata da yara da tsofaffi da manoma. Duk garin da aka yi wa ƙawanya, alƙalin wasa ya riƙa ɗebe waken yana sawa a kwano. In wasa ya ƙare, kafin a faɗi wanda ya ci, sai an ƙirga abin da ke cikin kwanon da babbar murya. A Asaba ɗin nan, ranar 7 ga Oktoba 1967, sojojin Tarayya sun harbe ɗaruruwan maza farar hula. Kafin yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970, mutanen da suka mutu, akasari saboda yunwa, ƙiyasi da yawa ya kai su miliyan ɗaya ko fiye. Teburin da ya ɓoye wannan, ƙarya yake koyarwa.

Jama'a, labarin nan bai yi nisa da mu ba. A 1966 an kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, har da nan Sabon Gari, saura suka yi cincirindo a tashar jirgin ƙasa suka nufi Gabas. Bayan yaƙi da yawa sun dawo sun buɗe shagunansu. Yau jikokinsu da jikokin sojojin da suka tafi bakin daga suna zaune a benci ɗaya. Janar Gowon a Wusasa ya tashi, shi da Murtala duk a Kwalejin Barewa suka yi karatu, Ojukwu kuwa a Zungeru aka haife shi. In ba mu koya wa yara wannan a tsanake ba, za su koye shi a waya, daga bakin masu neman tada husuma.

Saboda raunin bai gama warkewa ba, ina ba da shawara a fara da wanda ya fi nisa, wato basasar Kano ta 1893 zuwa 1895. Sarki Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, Yusufu da magoya bayansa suka fita zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Ga ganuwa, ga ƙofofi, ga dawakai, kuma 'yan gida ɗaya ne ke sara da suka. Littafin Dokta Adamu Mohammed Fika na 1978 ya yi bayanin wannan yaƙi dalla-dalla, kuma malaman Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan kusa da mu a Samaru, sai mu nemi su duba mana taswira kafin a zuba yashi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne: kuɗin katako da ladan kafinta, da mutum uku daga cikinmu da za su riƙa zuwa ranar Asabar su yi alƙalanci. In akwai tsohon soja a zauren nan, shi muka fi bukata, domin wanda ya ga yaƙi da idonsa ba ya yi masa kirari. Magabata sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Muna so ƙannenmu su ƙirga waken da hannunsu, su san dalili.