Kashi 25 na kuɗin fanshona da na ƙarar a kan shari'ar bashi

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Yau ba ni da baƙo, ni ne baƙon kaina, kuma labarin da zan bayar na daɗe ina jin kunyarsa.

Ni mutumin Kiru ne. Na yi shekaru ina aiki a wata masana'anta a Kano, kowane wata ana cire kashi 8 na albashina, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun fanshona, wato RSA. Da aka rage ma'aikata ina da shekara 35, sai na dawo gida. Kun san yadda yankinmu yake, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada har Doguwa, harkar ita ce masara da shinkafa. A 2024 duk wanda ya ajiye hatsi ya ga riba. Ni ma na karɓi kuɗi a hannun wani Alhaji, na sayi masara da kaka na zuba a sito, ina jiran bazara. Ba mu rubuta komai ba, amana ce kawai.

To, kun san abin da ya biyo baya. Gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji na kwana 150, kuma a 2025 farashin masara ya yi ƙasa. Na sayar da asara. Alhaji ya ce bashi ya ba ni, ni kuma na ce haɗin gwiwa muka yi, asara ta kowa ce. Ranar wata Litinin sai ga sammaci.

A nan na tuna da asusuna. Bari in faɗa muku yadda abin yake a doka, don da yawa ba su sani ba. Dokar gyaran fansho ta 2014 ta ce ba ka taɓa kuɗin RSA sai ka kai shekara 50. Amma idan ka rasa aiki kafin nan, ka yi wata 4 ba ka samu wani ba, kana iya neman har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Za ka je wa kamfanin da ke riƙe maka fansho, PFA, da takardar barin aiki, su duba bisa ƙa'idojin hukumar PenCom. Sau ɗaya ake bayarwa. Ragowar sai ka cika 50. Kuma ba a jingina asusun don karɓar rance. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumominmu na Bebeji, Kiru da sauransu, ku naku tsarin daban ne, yana hannun hukumar fansho ta jihar Kano, don haka wannan ƙofar ba taku ba ce.

Asusuna yana da miliyan 2 da dubu 400. Aka turo min dubu 600. Wallahi ranar da alat ya shigo na ji kamar na ci shari'ar.

Sai dai ina kuɗin suka tafi? Kuɗin ɗaukar lauya. Kuɗin zuwansa kotu duk zama. Kuɗin mota nawa da na shaidu. A ɗage, a sake ɗagewa. Ban zargi lauyana ba, aikinsa ya yi, har ma ya ce min tun farko, "Malam, ba ka da takarda, ka nemi sulhu." Ni ne na ƙi, don kar a ce na ji tsoro. Bayan wata bakwai dubu 600 ta ƙare, bashin Alhaji kuma yana nan ko naira ɗaya bai ragu ba.

Ƙarshenta kawuna ne ya kira ni ya ce, "Kai yaro, shari'a da mai kuɗi sai ka ga ƙarshen aljihunka." Ya tafi da ni wurin dagaci, aka kira liman, aka kira Alhaji. Zama ɗaya bayan la'asar. Alhaji ya yafe wani kaso, sauran aka raba min biya bayan kowace kaka, aka rubuta, shaidu suka sa hannu, aka kai wa kotu. Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar da ya yi da za mu tashi: da na kawo masa dubu 600 ɗin nan tun farko, da ba a je kotu ba.

Yanzu ku yi lissafi da ni. A ce kuɗin nan sun zauna a asusu suna samun kashi 10 a shekara, misali kawai. Nan da shekara 15 sun haura miliyan 2 da rabi. Na san tsadar rayuwa za ta ci wani abu a ciki, amma dai akwai abin da za a ci. Ni kuwa babu. A Amurka wanda ya cire irin wannan kuɗi kafin shekara 59 da rabi, galibi tarar kashi 10 ake ɗora masa bayan haraji. Mu nan ba tara, shi ya sa ba ma jin zafin a lokacin. Tsohon da za ka zama ne zai biya.

Idan kana cikin irin wannan hali, ga abin da na koya. Na ɗaya, bashi ba laifin ɗauri ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, don haka kar tsoro ya sa ka yi gaggawar fasa asusu. Na biyu, akwai hanyoyi masu sauƙin kuɗi: dattawa, Hisbah, cibiyar sulhu ta babbar kotun Kano da ake kira Multi-Door, kotun ƙananan basussuka inda mutum ke iya tsayawa da kansa, da hukumar Legal Aid ga marar hali. Na uku, idan dole sai ka cire kashi 25 ɗin, fara tambayar kanka: bashin zai rage, ko rigimar zai tsawaita? Wani lokaci lauya dole ne, musamman in an danne maka haƙƙi a fili. To ku yi ciniki a rubuce tun farko, ka san jimillar abin da za ka kashe.

Na huɗu, ku rubuta bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Tun muna makarantar allo muke karanta ta, amma ni sai da na yi asarar dubu 600 na yi aiki da ita.

Wanda ya taɓa cire nasa kashi 25, ya faɗa mana me ya yi da shi, ya amfane shi ko ya yi nadama. Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya rufa mana asiri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.